Darasin da Ake Amsa wa Na'am

Ɗan ƙanwata yana zaune a wurina a nan Diffa, yana karatun digiri na biyu a fannin noma da muhalli da wata jami'a ta nesa, ta intanet. Ajinsa gaba ɗaya yana cikin aljihun gaban rigarsa. Wani dare cikin sanyin Disamba, bayan isha'i, muna ƙofar gida a kan tabarma, buta tana kan gawayi, sai na ga ya kwantar da wayar a tafin hannu ya kara gindinta a kunne, irin riƙon da yaran yanzu suke yi wa waya idan suna sauraren saƙon murya. Can sai na ji ya ce, "Na'am." Aka jima ya sake cewa, "Na'am, Malam." Na rage murya don kada in katse masa magana da babba.

Da ya sauke wayar na ce, "Ka gaishe min da malamin naka kuwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ba kira ba ne. Darasi ne. Tun jiya ya turo, sai yanzu rezo ya bari ya sauka."

"To wa kake amsa wa na'am?"

Ya yi shiru, don shi kansa bai san yana yi ba. Wannan 'yar na'am ɗin da ta kuɓuce masa, wadda babu mai jin ta sai ni da butar shayi, ita ce ta tsaya mini a rai.

Na fara lura da shi daga ranar. Darussa biyu yake ɗauka a zangon. Malamin na farko mutum ne mai ƙoƙari, duk Litinin zai turo takarda mai shafi talatin ko arba'in da Faransanci, da kanun magana da lambobi, komai a tsare. Yaron zai sauke ta, ya buɗe shafin farko, ya ja da yatsa zuwa ƙasa ya ga tsawonta, ya ce sai an yi sallar asuba kai ya huce. Asubar nan har yau ba ta yi ba ga wasu takardun. Malami na biyu shi ma yana turo takarda, amma kafin ta iso sai ya aiko murya ta minti huɗu ko biyar. Ita ce ake kara wa kunne, a maimaita ta sau biyu ko uku, har ni da ba ɗalibi ba na hardace wata.

Ga yadda ta tafi. Malamin ya yi sallama, ya ce akwai wani manomin tattasai a bakin kogi, yana da injin ban ruwa, bai taɓa barin fangalinsa ya bushe ba. A shekara ta shida sai ganyen ya fara yaushi da rana tsaka, bakinsa yana ƙonewa, 'ya'yan suna fitowa ƙanana. Manomin ya ce yunwa ce, ya ranci kuɗi ya ƙara takin zamani. Bayan mako biyu abin ya ƙara lalacewa. Ya ce to ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, shuka tana tsaye cikin laima tana yaushi. Nan malamin ya tsaya ya ce, "Mutumin nan ya zo wurinku da hularsa a hannu. Kafin ku ba shi amsa, wace tambaya za ku fara yi masa? Ina jiranku zuwa Alhamis." Bai ƙara ko kalma ba.

Zauren WhatsApp na ajin, wanda a da ba a ganin komai a cikinsa sai barka da Juma'a, ya cika kafin gari ya waye. Wani ɗalibi daga Maraɗi ya ce a juya ganyen a duba darɓa. Wata daga Damagaram ta ce a tuge shuka ɗaya a ga ko saiwar ta yi ƙulle-ƙulle, don akwai tsutsar ƙasa da ido ba ya gani mai yin haka. Wani ya tambayi ruwan: na kogi ne ko na rijiyar burtsatse? Yaron nawa bai ce komai ba. Da hantsi ya tafi wani lambu da ke kusa da gari, ya ba wani dattijo labarin kamar yadda ya ji shi. Tsohon bai bari ya kai ƙarshe ba, ya ja shi gefen wani fangali da aka daina nomawa, ya kankaro farin ɓawon da ke saman ƙasa da farce, ya ce ya ɗanɗana. "Ɗana, ƙasar ce ta yi kanwa." Yaron ya ɗauki hoton ɓawon ya tura, ya haɗa da muryar kansa ta rabin minti. Ran nan ne na fara jin ya yi magana a aji.

Ranar Alhamis malamin ya dawo. Ya kira kowa da sunansa, ya ce mai maganar darɓa da mai maganar saiwa sun yi tambayar da ta kamata, don alamun suna kama da juna, sai an duba ake rabewa. Sannan ya ɗauki hoton Diffa ya yi bayani a kansa. Duk ruwan ban ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri. Rana tana shanye ruwan ta bar gishirin, shekara bisa shekara yana taruwa inda saiwa take. Idan ya yi yawa, ruwa ba ya shiga saiwa da sauƙi, shi ya sa shuka take ƙishirwa alhali ƙafarta a jiƙe. Takin zamani kuwa shi ma dangin gishiri ne, ƙara shi a irin wannan ƙasa ƙara wa Barno dawaki ne. Magani shi ne a wanke ƙasar da ruwa mai daɗi, a yi masa hanyar tsiyayewa ƙasa da saiwa, a dawo da takin gida. Daga nan ya ce su buɗe takarda su dubi jadawalin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya: tattasai yana fara raguwa da zarar gishirin ƙasa ya wuce 1.5 a ma'aunin da suke kira desisimens, kuma kowane ƙarin ɗaya yana cin kusan kashi 14 cikin 100 na amfanin. Ya ba su lissafi uku su yi. A daren yaron ya karanta takardar har ƙarshe, da fitilar waya, don kuran ya ɗauke.

Takardar nan ba ta fi ta malamin farko sauƙi ba. Bambancin kawai, wannan an sa masa yunwarta kafin a ajiye masa ita.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga ba wani sabon abu malamin ya ƙago ba. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami yana ɗaukar karatun littafi ya san tsarin. Almajiri ya ja layi da Larabci, malam ya fassara, almajiri ya ce na'am, ya sake ja. Na'am ɗin nan ba ado ba ce, da ita malam yake auna ko ana tare. Idan ta yi rauni ko ta makara, sai ya tsaya ya kawo misali da wani mai awo a kasuwa ko wasu 'yan'uwa da suka zo rabon gado. A tafsirin azumi akwai mai jan baki, murya biyu suna karɓa-karɓa, don murya ɗaya tak tana sa gyangyaɗi. Tatsuniya ma ba ta tashi sai an ba ta izini: mai bayarwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, idan yara ba su ce ta zo mu ji ta ba, to ba ta zuwa. Tun muna ƙanana aka horar da kunnenmu cewa ilimi abu ne da ake miƙowa a karɓa da baki. Shi ya sa bakin yaron nan ya amsa wa muryar da aka naɗa tun jiya.

Abubakar Imam ya gane wannan tun 1937 da ya fara fitar da Magana Jari Ce. Ginshiƙin littafin farko shi ne yaro ɗan sarki, Musa, da yake son ficewa daga gida ya bi yaƙi, ga kuma makircin waziri yana jiransa a waje. Bayi da dogarai ba su ne suka tsare shi ba, aku ne ya riƙe shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. Malamin intanet a matsayin akun nan yake. Ɗalibinsa yana riƙe da ƙofar fita a hannu, taɓa gilashi ɗaya ya fice zuwa Facebook ko TikTok, kuma babu mai ganin ya tashi. A aji na bulo da siminti kunya kaɗai tana zaunar da mutum awa biyu. A waya babu wannan kunyar.

Alƙaluma ma sun nuna haka. A 2019 mujallar Science ta buga binciken Justin Reich da José Ruipérez-Valiente a kan darussan intanet na buɗe ga kowa da jami'o'in Harvard da MIT suke bayarwa ta dandalin edX. A zangon 2017 zuwa 2018, kimanin mutum 3 ne cikin 100 na waɗanda suka yi rajista suka kai ƙarshe. Gaskiya ne yawancinsu leƙe suka zo yi, ba neman digiri ba, amma darussan nan manyan malamai ne suka tsara su, da bidiyo mai kyau, kuma yawancin masu shiga ba su da matsalar wuta ko rezo irin tamu. Kyan kaya bai isa ya riƙe mutum ba. Wani masanin karatun nesa, Michael Moore, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Jihar Pensilbeniya ta Amurka, ya yi shekaru yana nanata cewa nisan da ke cutar da ɗalibi ana auna shi ne da ƙarancin zance tsakaninsa da malami. A wannan ma'auni, ɗalibin da ke kujerar baya a babban ɗakin lacca a Yamai yana iya fin na Diffa nisa, ko da yake tsakanin Diffa da Yamai ya haura kilomita 1,300.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari suke taruwa su saurari shiri, su yi muhawara a kansa, a naɗi muryoyinsu a mayar gidan rediyo a sa a iska. A 1964 aka fara gwajin koyar da yaran firamare ta talabijin a Yamai da kewayenta, tun kafin ƙasar ta samu talabijin na kowa da kowa. Masu rediyon nan sun fahimci cewa sai an bar wa mai sauraro ƙofar amsawa. Da korona ta zo aka rufe makarantu da jami'o'i a ranar 20 ga Maris 2020 har zuwa 1 ga Yuni, malamai da yawa a ƙasashenmu sun koma WhatsApp da gaggawa, kuma abin da ya fi sauƙi a lokacin shi ne a ɗauki takardar lacca a jefa a zaure. Ba laifinsu ba ne, ba a shirya ba. Amma al'adar ta zauna, har wasu suka ɗauka karatun intanet ke nan.

Mu a Diffa maganar ta fi shafarmu. Jami'ar Diffa an kafa ta ne a 2014, tare da na Agadas da Doso da Tillaberi, aka ba ta fannin noma da muhalli. Ba ta cika shekara ba aka kai hare-haren Fabrairun 2015 a Boso da Diffa, aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka dakatar da cinikin tattasai da kifi na wani lokaci. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutanen tsibiran Tafkin Chadi, rumfunan 'yan gudun hijira suka jeru a gefen babbar hanyar kwalta. Har Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe cibiyoyin karatun nesa a yankin don yaran Najeriya 'yan sakandare su ci gaba da manhajar ƙasarsu. A wurin da tafiya take da tsada da fargaba, malamin makarantar Ngigmi ko ma'aikaciyar gona a Maine-Sorowa da ke son ƙarin digiri ba su da hanyar da ta fi waya kusa. Idan darasin ya zo musu a bushe, ba su da abokin kujera da za su taɓa su ce me ya ce.

Kuma abin daɗin shi ne wannan hanya ita ce mai arha. Lacca kai tsaye ta Zoom tana cinye kiredin mako a zama ɗaya, ga yankewa, malam ya daskare a gilashi baki buɗe. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai megabait ɗaya ba, yana jira har rezo ya dawo ya lallaɓo ya shigo. Jinkirin ma ba sabon abu ba ne ga mutanen wannan kwari. Ruwan koginmu na Komadugu ba namu ba ne. Damina ce da ta sauka a ƙasar Kano da Bauchi da tsaunukan Jos, ta bi kogin Haɗeja da na Jama'are, wani ya tsaya a madatsar Tiga da ta Challawa, saura ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, sannan ya iso mana. Kogin yana kai maƙura ne a ƙarshen shekara, bayan hadari ya daɗe da barin sama. Da wannan ruwan da ya makara ake noma tattasan da ake kira jan zinariyar Manga. Darasin da aka turo jiya ya iso yau bai lalace ba. Hasali ma ya ba yaron damar zuwa lambu ya tambayi tsoho kafin ya amsa, abin da lacca kai tsaye ba za ta ba shi ba.

Wannan tsohon shi ne ribar da na fi gani. Jadawalin gishiri yana cikin littafi, amma wanda ya san ɗanɗanon ƙasar da ta yi kanwa yana bakin kogi, kuma a ƙasar Manga, inda ake haƙar kanwa da dafa gishiri a kwaruruwan Gudumariya da Maine-Sorowa tun kaka da kakanni, ba a koya wa manomi kamannin farin ɓawo. Takarda mai shafi arba'in da Faransanci ba za ta taɓa isa wurin tsohon nan ba. Labari kuwa yana da ƙafa. Ya fito daga bakin malami da Faransanci, yaro ya juya shi Hausa, a lambu ya zama Barbarci, ya dawo aji da amsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Kada kuma a ɗauka ko wane labari ne yake aiki. Na ji wata murya da wani malami ya turo wa abokin yaron, minti goma sha biyu, duk labarin yadda ya sha wahala yana ɗalibi a Turai. Labari ne mai daɗi, amma ba tambaya a ƙarshensa, ba kuma inda ya haɗu da darasin. Wannan hira ce. Labarin manomin tattasai ya yi aiki ne don an yanke shi a inda ya fi ƙaiƙayi, kuma ƙofar da ya buɗe tana kaiwa ga jadawali da lissafi. Ranar jarrabawa lissafin za a tambaya.

Zancen ma yana son makiyayi. Na leƙa zauren nasu na ga mutum huɗu ne suke cika shi, sauran suna karantawa su yi shiru, musamman mata da waɗanda Faransancinsu yake da nauyi. Abin da malamin yake yi shi ne ya kira mai shirun da suna, cikin ladabi, ya yi masa tambayar da ya san yana da amsarta: ke da kike aiki da mata masu lambu, me suke yi idan haka ta faru? Yana kuma barin a amsa da murya ko da rubutu, da harshen da ya sauƙaƙa, sannan a taru a maido da shi harshen jarrabawa. Akwai kuma wurin da ya kamata malami ya taka a hankali. A ajin da ke da 'yan Diffa, cewa kowa ya ba da labarin gonar mahaifinsa yana iya zama fami, don wani gonar tasu tana inda ba a zuwa, wani kuma mahaifin ne babu. Gara malami ya kawo nasa manomin na misali, wanda ya ga dama ya ɗora da nasa.

Aiki ne, ba musu. Malamin da ke da ɗalibai ɗari biyu ba zai saurari muryoyi ɗari biyu kowane mako ba. Amma yana iya raba su goma-goma, kowane rukuni ya yi gardamarsa ya turo murya ɗaya, shi kuma ya haɗa ya amsa sau ɗaya, yana ambaton wanda ya faɗi me. Jin sunanka a bakin malamin da bai taɓa ganinka ba yana da nauyin da ba a zato. Na ga fuskar yaron nan ranar da aka ce hoton da ɗan Diffa ya turo shi ne mabuɗin, sai da ya maimaita wurin sau uku, ya kuma kai wa uwarsa ta ji.

Kirana ga malamanmu masu koyarwa ta waya ɗan kaɗan ne. Kafin ku turo takardar mako, ku turo murya ta minti biyar mai mutum ɗaya da matsala ɗaya a cikinta, ku tsaya kafin amsa, ku faɗi ranar da za ku dawo, ku kuma dawo a ranar. Ku ɗalibai kuma, na'am ɗin da kuke yi a ƙofar gida malam ba ya jin ta. Ku danna ku turo masa.